Ƙananan mujiyoyi da tarihin ruwan sama: tambayoyi da amsoshi daga Tawa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa duk sanda zancen mujiya ya taso a nan Tawa, ko a aji tsakanin ɗalibai, ko wurin ma'aikatan gandun daji, ko a bakin manoman Majiya da Keita da suka ga tafiyar itatuwa, suka kuma ga dawowar wasu. Na jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna lambarta.

1. Idan an ce ƙananan mujiyoyi, waɗanne ake nufi?

Ba farar mujiyar nan ta cikin gari ake nufi ba, mai kwana a rufin tsofaffin gine-gine, ba kuma duji ba. Ana nufin waɗanda tsawonsu daga ka zuwa wutsiya bai wuce santimita 25 ba. Guda biyar za mu yi ta komawa kansu, kuma da yake littattafan tsuntsaye da ke hannun ɗalibanmu na Faransanci ne, zan haɗa da sunayen da za su tarar a ciki.

Akwai mai ɗigon fari, *chevêchette perlée*, a kimiyyance *Glaucidium perlatum*. Idonta rawaya ne, ba ta da tukku, kuma a ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu da za ka rantse idanu ne. Akwai mai launin ɓawon itace, *petit-duc africain* ko *Otus senegalensis*, wadda in ta lafe a jikin kututture sai ka wuce ta ba ka sani ba. Akwai mai farar fuska da ido ruwan goro, *Ptilopsis leucotis*, ita ce babba a cikinsu, ita kuma ta fi jure busasshen Sahel. Ta huɗu mujiyar duwatsu ce, *chevêche d'Athéna* ko *Athene noctua*, ta ƙasar Abzin. Ta biyar baƙuwa ce, *Otus scops*, da ke zuwa daga Turai kowace shekara.

2. Malam, ai tsuntsu fukafukai gare shi. Me zai hana shi zuwa duk inda ya ga dama?

Abu biyu: kogo da abinci. Mujiya ba ta saƙa sheƙa. Mai ɗigon fari tana jiran maƙwaƙƙwafi ya sassaƙa rami a itace, ya yi ƴaƴansa ya tashi, sannan ta gaje wurin. Mai launin ɓawo tana neman kogon da ruɓa ya buɗe a tsohon itace. Mai farar fuska takan shiga kogo, ko ta hau tsohuwar sheƙar wani tsuntsu. Ga shi kuwa itace ba ya yin kogo da ƙuruciya, sai ya kwashe shekaru masu yawa. Abincinsu kuma fara ne da gyare da sauran manyan ƙwari, da ƙadangaru da kusu, duk abubuwan da yawansu ke bin damina.

Saboda haka ruwa ne ke shata iyakar itace, itace kuma ya shata ta mujiya. A Gaya ruwan shekara yakan kai milimita 800, a Yamai kusan 550, a Tawa bai cika kaiwa 400 ba, a Agadas ko 200 ba ya kaiwa. In ka bi wannan hanya daga kudu zuwa arewa, manyan itatuwa na raguwa, mujiyoyin kogo na raguwa tare da su. Kuma ban da baƙuwar Turai, sauran duk ƴan zaman gida ne, ba sa yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe su. Shi ya sa iyakarsu ke tafiya sannu, tsara bayan tsara, kuma shi ya sa ake iya karanta tsohon yanayi a taswirar mazauninsu.

3. Wane sauyin yanayi ne na da ɗin?

A cikin shekaru miliyan 2.6 na baya-bayan nan, duniya ta yi ta shiga zamanin ƙanƙara tana fita. Na ƙarshe ya kai ƙololuwa wajen shekaru 21,000 da suka wuce. Ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, ruwan teku ya sauka da kusan mita 120. Mu nan ba ƙanƙara muka samu ba, bushewa ce. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta jera tuddan yashi har ƙasar Kano. Jigawar da muke shuka hatsi a kanta yau, da yawa cikinta waɗannan tuddan ne da suka kwanta daga baya. A wancan zamanin, inda Tawa take hamada ce tsantsa, babu itacen da mujiya za ta shiga.

Daga wajen shekaru 14,500 da suka wuce sai abin ya juya. Damina ta yi ƙarfi ta haura arewa, Sahara ta zama ciyawa da itatuwa da tafkuna, duk da cewa an yi ɗan tsaikon fari a tsakani. Haka aka tafi har wajen shekaru 5,500 da suka wuce, sannan bushewa ta fara dawowa zuwa abin da muka sani yau.

4. Me ya kawo wannan kai-komo?

Yadda duniya ke juyawa ne. Wanda ya taɓa murza katantanwa ya san cewa tana juyi, kanta kuma yana lilo a hankali. Duniya ma haka take, sai dai lilonta ɗaya yana cin shekaru sama da 20,000. Wannan lilo ne ke sauya lokacin da duniya ke kusantar rana a cikin shekara. Yanzu a farkon Janairu take kusantarta. Wajen shekaru 11,000 da suka wuce kuwa, kusancin ya faɗo ne a tsakiyar shekara, sai ƙarfin ranar da ke sauka a Sahara a watannin damina ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Ƙasa ta ƙara zafi, ta jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa daga kudu maso yamma har can ciki. Ciyawa da tafkunan da suka fito kuma suka ƙara wa damina ƙarfi.

5. Wace shaida muke da ita a ƙasarmu cewa Sahara ta taɓa yin kore?

Shaida kam a gida take, ba sai an tsallaka teku ba. Kwarin Azawak da ke arewa da mu tsohon kogi ne. Ruwansa daga duwatsun Abzin da na Ahaggar ta kudancin Aljeriya yake tasowa, ya gangara ta Dallol Boso ya faɗa kogin Isa. Tafkin Chadi a wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, alhali a shekarun 1960, lokacin da dattawanmu ke cewa yana cike, 25,000 ne kawai.

A Gobero, cikin Tenere, wata tawaga ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta je neman ƙasusuwan dabbobin dauri a shekarar 2000, sai ta ci karo da maƙabarta a bakin tsohon tafki. An gano kaburbura kusan 200, tsofaffin cikinsu sun doshi shekaru 10,000. Tare da su akwai ƙashin dorina da kada da giwan ruwa, da masu na kamun kifi da aka sassaƙa da ƙashi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka zana a jikin dutse, tsawonsa ya wuce mita 5. Raƙumin dawa kuwa ganyen itace yake ci, don haka inda ya zauna akwai itatuwa, akwai kuma kogon itace.

Wanda ke Yamai ya leƙa gidan tarihi na Bubu Hama ya ga gawar Itacen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973. Shi kaɗai ya rage a cikin ɗaruruwan kilomita, kuma da aka haƙa rijiya kusa da shi an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. Ni a wurina, babu shaidar da ta kai wannan itace taɓa zuciya.

6. Wannan tarihin ruwa ne. Su mujiyoyin, ta yaya aka san inda suke a lokacin?

Ƙashin ƙaramin tsuntsu ba ya daɗewa a ƙasa, saboda haka hanyoyi ake haɗawa. Ta farko ita ce ƙwayoyin gado da ke cikin jini da gashi. In jama'ar tsuntsu ta rabu gida biyu na dubban shekaru, kowane ɓangare yakan tara ƴan sauye-sauyensa, kuma yawan bambancin yana nuna daɗewar rabuwar. Wurin da aka sami bambanci iri-iri da yawa, galibi nan ne tsohuwar mafaka. Wurin da duk suka zama iri ɗaya kuwa, sabon zama ne. Ta biyu ita ce lissafin kwamfuta: a ɗauki ruwa da zafin wuraren da tsuntsun yake yau, a nemi inda aka sami irinsu a taswirar yanayin da. Ta uku bununi ne, wato garin furen da ya kwanta a lakar tafki. A tafkin Yoa na arewacin Chadi an ciro laka mai tarihin shekaru 6,000, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna yadda itatuwa suka ba ciyawa wuri, ciyawa ta ba yashi, a hankali.

Su kansu mujiyoyin sun bar mana shaida. Mujiya tana haɗiye kusu ɗungurungum, daga baya ta amayar da ƙullin gashi da ƙashi. Ka duba ƙarƙashin itacen da take kwana za ka ga irin ƙullin, busasshe, launin toka. In ka ɓare shi da tsinke, ga ɗan muƙamuƙin kusu da haƙoransa, ga ɓawon ƙwaro yana ƙyalli. A kogunan dutse irin wannan amai yakan taru na dubban shekaru, musamman na farar mujiya, kuma masana na duba irin kusan da ke kowane hawa su gane ko lokacin damshi ne ko na fari.

7. Me mujiyar duwatsu take yi a Abzin, nesa da danginta?

Wannan ce tambayar da na fi so. Asalin mazaunin *Athene noctua* ya taso daga Turai da Afirka ta Arewa har zuwa Sin. A tsakiyar Sahara kuwa sai a warwatse ake samunta, a wuraren duwatsu irin su Abzin da Ennedi ta ƙasar Chadi, kuma ta nan fara-fara ce, launinta ya yi kusa da na yashi. Abin da ya bambanta ta da ƴan uwanta na kudu shi ne ba ta dogara da itace ba. Tsagin dutse ko ramin tsohon bango ya ishe ta.

Fassarar da ta fi kama hankali ita ce wadda maƙwabtanta ke nunawa. A tsaunukan Bagzan akwai zaitun na daji, ɗan uwan na bakin Bahar Rum, wanda ake samu kuma a Ahaggar. A Ennedi akwai kadoji ƙalilan da suka rage a wani tafkin dutse mai suna Arshe. Ba wanda ya kai su can. Lokacin da Sahara take kore hanya a buɗe take tsakanin arewa da kudu, da ruwa ya janye sai aka bar su inda ɗan damshi ya saura. Dutse yana tare ruwan sama fiye da fili, ƙoramunsa suna riƙe ƙwari da ƙadangaru, ita kuma wannan mujiyar abin da take nema ke nan. Mujiyoyin kogon itace suka bi itatuwa suka koma kudu, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 2.

8. A Turai fa, inda ƙanƙarar ta sauka, ina suka gudu?

Kudu suka yi. Binciken ƙwayoyin gado na mujiyar duwatsu da aka wallafa a 2014 ya nuna zuriyoyi dabam-dabam masu tushe a yankin Sifen da Fotugal, da Italiya, da tsibirin Sardiniya, da yankin Balkan. Waɗannan ne mafakarta a zamanin sanyi, daga nan ta sake bazuwa arewa da ƙanƙara ta narke. Har yau sanyi ne ke tsare ta, domin shekarar da dusar ƙanƙara ta daɗe a ƙasa takan mutu da yawa saboda yunwa.

Mujiyoyi masu son sanyi kuwa akasin haka ya same su. *Glaucidium passerinum* da *Aegolius funereus* suna shimfiɗe a dazuzzukan Sikandinebiya da Saiberiya, amma a tsakiyar Turai galibi sai a tsaunuka irin su Alps da Karpat. Da zafi ya dawo, dajin sanyi ya ja arewa ko ya haura tsauni, su ma suka bi shi. Labarinsu ɗaya da na Abzin, sai dai su zafi ne ya ware su, tamu kuwa fari.

9. An ce masu farar fuska iri biyu ne a Afirka. Yanayi ne ya raba su?

Iri biyu ne. Tamu ta arewa tana daga Senegal zuwa Somaliya, ta kudu kuwa, *Ptilopsis granti*, tana daga kudancin Kenya da Kwango zuwa Afirka ta Kudu. A ido kusan ɗaya suke, a da ma iri ɗaya ake lissafa su, sai kuka da ƙwayoyin gado suka nuna bambancin. Abin da ke kwance tsakaninsu shi ne kurmin Kwango. Zamanin damshi kurmi yana faɗaɗa ya yanke ƙasar ciyawa gida biyu, zamanin fari ya tsuke ya buɗe hanya. An ga wannan rabuwa ta arewa da kudu a dabbobin fili da yawa. Zakin gandun dajin W dangin na Afirka ta Tsakiya ne da na Indiya, ya yi nesa da na kudancin Afirka, raƙuman dawan Kure ma zuriya ce ta dabam.

Lokacin da mujiyar fili ke cikin wadata, ta kurmi tana cikin matsi, haka kuma akasi. Shi ya sa wasu mujiyoyin kurmi suka rage a ƴan wurare ƙanana. *Otus ireneae*, wadda sai a 1965 aka gano ta a dajin Arabuko-Sokoke na gaɓar Kenya, ba a san ta ba sai a ƴan dazuzzukan gaɓar Kenya da gindin tsaunukan Usambara na Tanzaniya.

10. Ita baƙuwar Turai, me ya ɗora mata wannan doguwar tafiya?

Ƙwari take ci kusan zalla. Da sanyi ya kama Turai ƙwari sukan ɓace, sai ta tsallaka Bahar Rum da Sahara da dare, ta iso ƙasashenmu bayan damina, ta koma wajen Maris da Afrilu. A zamanin ƙanƙara yawancin Turai ba ta da itacen da za ta yi ƙwai a ciki, sai kudancinta. Da ɗumi ya dawo ta bazu arewa, hanyar ta ƙara tsawo. Da Sahara ta bushe kuma, tsakiyar hanyar ya zama yashi ba wurin kiwo.

Daminarmu tana shafar irin waɗannan baƙi kai tsaye. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968, wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari da ake kira *fauvette grisette* ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Ingila a shekarar 1969.

11. Ke nan duk inda aka ga mujiya, yanayi ne ya ajiye ta?

A'a. Teku ma yana warewa. Tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gine bai taɓa haɗewa da gaɓar Afirka ba, yana kuma da mujiyarsa ta kansa, *Otus bikegila*, wadda sai a 2022 aka bayyana ta a kimiyyance. Ɗan Adam ma yana kaiwa: mutane ne suka saki mujiyar duwatsu a Ingila a ƙarni na 19, suka kai ta New Zealand a farkon ƙarni na 20.

12. Tunda sun tsira daga duk wannan a da, mene ne abin damuwa yanzu?

Sauri, da toshewar hanya. Fitar duniya daga zamanin ƙanƙara ta ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6, amma cikin kusan shekaru 10,000. Yanzu an ƙara fiye da digiri 1 cikin shekaru 150 kacal. Itace ba ya gudu, irinsa ne ke tafiya, kuma sai ya tsufa kafin ya amfani mujiya.

Na biyu, a da in hamada ta matso akwai daji a kudu da za a faɗa. Yau kudun gonaki ne da garuruwa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa ba iyaka a Adar, a tsakiyar shekarun 1980 tafkin Chadi ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Abin da fari ya bari, gatari ya bi, kuma mai neman itacen wuta busasshen itace mai kogo yake fara sara, domin shi ya fi kama wuta. Ban ga laifin matar da ke neman abin dafa tuwo ba, amma gaskiya ita ce wannan itacen shi ne ɗakin haihuwar mujiya. Ga kuma feshin maganin fara da na jan-baki, wanda ke bi ta abinci ya kai ga mai cinsa.

13. To ai itatuwa sun dawo da sassaben zamani. Hakan bai wadatar ba?

Babban aiki ne, kuma abin alfahari. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa suka riƙa barin tohon kututture a gona suna gyara shi, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya dasa miliyoyi, kwarin Majiya ya sami layukan dogon yaro masu tare iska tun daga 1975. Inuwa ta dawo, ƙwari sun dawo, wurin kwanan tsuntsu ya samu.

Sai dai kogo bai dawo da saurin ganye ba. Matashin gawo ba shi da rami. Shi ya sa nake roƙon manoma, in akwai tsohuwar aduwa ko ƙirya ko kuka mai kogo a gona, ko da rabinta ya bushe, a bar ta tsaye. In za a yi sassabe, a bar reshe ɗaya busasshe mai kauri saboda maƙwaƙƙwafi, tunda shi ne maginin mai ɗigon fari. A Jamus da Holand akwatunan katako da ake ratayawa a itace sun taimaka wa mujiyar duwatsu ƙwarai, kuma ba abin da zai hana makarantunmu gwada irinsu da kafintan unguwa.

14. Amma mutane na cewa mujiya mugun tsuntsu ce. Me za a ce musu?

A yi musu magana da girmamawa, domin tsoron gado ne. Kukanta a kan gida ba ya kiran mutuwa, abokin zama take kira ko tsare wurinta take yi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da yawa sun bayyana cewa mujiya na cikin abin da ya ambata. Ga manomi kuwa lissafin a fili yake: abin da take ci shi ne abin da ke cin hatsinsa, fara a gona, kusu a gindin rumbu. Yaro mai danƙo in aka nuna masa ƙullin nan na amsa ta 6 ya ɓare da hannunsa, yakan sake tunani.

15. Yaya zan gane su, kuma me zan yi da abin da na gani?

Kunne ya fi ido amfani. Mai ɗigon fari tana fito, tana jera shi yana hawa yana ƙara ƙarfi, ta ɗan tsaya, sannan ta saki dogaye masu saukowa. Takan fito da rana, kuma in ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a itace ɗaya suna ta hayaniya, duba da kyau, sau da yawa ita suka sa a gaba. Mai launin ɓawo sauti ɗaya gajere take yi mai ɗan karkarwa, tana maimaita shi bayan ƴan daƙiƙoƙi, har mutane kan ɗauka kwaɗo ne. Mai farar fuska sauti biyu take yi, gajere sannan dogo. Baƙuwar Turai ba ta cika kuka a nan ba, sai dai a gan ta lafe a reshe.

In ka ji ko ka gani, naɗi sautin da wayarka, ka rubuta rana da gari da irin itacen, ka lura ko akwai kogo. Kada ka sa hannu a ramin, kada kuma ka daɗe kana haska ta da tocila. Ana iya saka bayanin a shafukan intanet na eBird ko iNaturalist, inda masu zana taswirar tsuntsaye ke ɗauka. Bayanan da suka fi daraja su ne na bakin iyaka, wato daga Tawa zuwa Tabalak da Abalak da Cintabaradan, domin a nan ne za a fara ganin ko mujiyoyin kogo suna haurawa arewa tare da sababbin itatuwa ko suna ja da baya.